Kuɗin Hannu da Kuɗin Waya: Ina Za Mu Ajiye na Ƙungiya?

Wannan jawabi wata jami'armu ce ta yi shi a zaman haɗin gwiwa na ƙungiyoyin adashi. An rubuta shi yadda ta faɗa, don magatakarda ta karanta wa 'yan ƙungiya.



 Na san wata ta baro tukunya a kan wuta, wata ta baro surfe a turmi, wata ga goyo nan yana mutsu-mutsu. Ba zan riƙe ku fiye da kima ba, amma maganar yau tana son a gyara zama.

Ga abin da ya kawo ta. A zaman da ya wuce muna tashi, Iya da ke zaune can jikin bango ta riƙe mini mayafi ta ce, "'Yar nan, wai da gaske ne za a hana kuɗin hannu gaba ɗaya, komai sai ta waya? To mu da ba mu da wayar, ba mu yi boko ba, ina za mu sa kanmu?" Ban ba ta amsa a tsaye ba, don na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Na kuma ji cewa a ƙungiyoyi biyu an kusa ɓatawa: wasu sun ce a kwashe kuɗin akwati a kai asusu, wasu sun rantse in aka kai za su zare hannunsu. Shi ya sa na ce mu haɗu mu baje ta a faifai.

Iya, tsoronki ba na banza ba ne, kuma duk wanda ya ce miki ƙauyanci ne bai san abin da kika gani ba. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, shi ya sa har yau ake cewa wane ko wuri ba shi da shi. Aka zo fam da sule da sisi. A 1973 aka kawo naira da kwabo. A watan Afrilun 1984, lokacin mulkin soja na Buhari, aka sauya launin kuɗi aka ba da 'yan kwanaki kawai, manyanmu da ke nan sun tuna. Kowane canji ya zo, na birni ne ke fara ji, na ƙauye sai labari ya iso masa wa'adi ya kusa cika.

Na baya-bayan nan kuwa ba sai an ba mu labari ba, a jikinmu muka ji. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar za a sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Dalilin da suka bayar shi ne sama da kashi 80 cikin ɗari na takardun kuɗin ƙasar nan ba sa banki, suna hannun mutane. Suka ce suna so a mayar da su, a rage jabu, a karya masu karɓar kuɗin fansa, mutane kuma su koma ciniki ta waya da kati. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin sun daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, daga baya aka ƙara kwana goma zuwa 10 ga Fabrairu.

Kun tuna abin da ya biyo baya. Aka karɓe tsofaffin, sababbin ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a banki amma gidansa ba a ɗora tukunya ba. Maza suna kwana a layin na'urar cirar kuɗi, a wayi gari a ba su dubu biyu ko dubu biyar, wani a ce ya dawo gobe. A wajen mai POS sai da muka sayi kuɗi da kuɗi, a nan garin na ga an cire dubu biyu a kan dubu goma, kuma ana godiya. An ce an turo wakilai ƙauyuka su canza wa kowa har dubu goma, amma ku faɗa mini, mutum nawa ne a nan suka gan su? Mai ƙosai ta soya ba mai saye, don ba wanda ke da canji. Mai nono ta sha rana ta koma da ƙwaryarta. Akuyar da aka yi wata shida ana kiwo aka sayar da ita a wulaƙance ga duk wanda ya nuna tsabar kuɗi. Wata 'yar ƙungiya a wani gari da nake zuwa naƙuda ta kama ta da dare, mai mota ya ce shi ba ya karɓar taransifa don mai sayar da mai ba ya karɓa. Abin da ya fitar da ita a daren nan 'yan canjin asusun taimakon juna ne, naira hamsin-hamsin da ɗari-ɗari da suke zubawa duk mako, waɗanda canjin bai shafa ba. Masu makulli uku aka tasa daga barci. Wannan ban manta da shi ba, kuma ina so ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Sai da gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Ranar 3 ga Maris 2023 kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekarar, a watan Nuwamba kuma ta cire wa'adin gaba ɗaya. Shi ya sa har yau tsohuwar dubu da sabuwa suke yawo tare. To amsar tambayarki ke nan, Iya: ba wata doka da ta hana kuɗin hannu. Wanda ya ce miki daga wata kaza an daina karɓar takarda, ki ce ya nuna miki inda aka faɗa a rediyo.

Amma ba zan ɓoye muku ba, inda aka dosa ke nan sannu a hankali. Tun 2012 aka fara wannan tsari na rage kuɗin hannu a Legas, yana ta matsowa. Yau dillalin da ke sayen gyaɗarki taransifa yake so ya yi. Ɗanki da ke ci-rani a Abuja ko Fatakwal ta waya yake aiko miki. Tallafin gwamnati da na ƙungiyoyi yawanci asusu ake tambaya. Ko mun so ko mun ƙi, abin ya shigo gidajenmu. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, amma ba a ce ki shiga fili ba ki san inda rami yake ba.

Abu uku ake haɗawa a kira su kuɗin waya, kuma ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne kuɗinki na yau da kullum da kika ajiye a banki ko a kamfanonin nan irin su OPay da Moniepoint da PalmPay. Naira ce dai, wadda kika sani. Wayar ba ita ke riƙe da kuɗin ba, ita 'yar aike ce kawai. Shi ya sa in wayar ta faɗa rijiya kuɗinki bai faɗa ba, yana can a rubuce da sunanki. Wannan shi ne wanda ya shafe mu, kuma a kansa zan daɗe.

Na biyu shi ne eNaira, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021. Ita ta Babban Banki ce kai tsaye, eNaira ɗaya daidai take da naira ɗaya, ba ta haihuwa, ba ta da takarda. An yi ta tallarta amma mutane ba su karɓe ta ba. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya duba a 2023 ya ga a kowane mako sama da kashi 98 cikin ɗari na waɗanda suka buɗe ba sa taɓa ta. Ni dai ban taɓa ganin an sayi daddawa da ita ba. Kada ta hana ku barci.

Na uku shi ne wanda samari ke kira kirifto, su Bitcoin, da masu danna waya dare da rana wai suna haƙo kuɗi. Wannan ba gwamnatin da ta tsaya masa. Yau ya hau, gobe ya faɗo, in ya faɗo ba ofishin da za ki je ki yi kuka. A bayansa kuma 'yan damfara ke fakewa. Wasunku sun ji MMM da ta rufe da kuɗin mutane a ƙarshen 2016. A watan Afrilun 2025 wata mai suna CBEX ta yi irin haka, ta yi wa mutane alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, aka wayi gari ba uwa ba riba. Ke da kike sana'a kin sani, wace sana'a ce ke ninka jari a wata ɗaya ba gumi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko ɗan cikinki ne ya zo ya ce a ba shi kuɗin ƙungiya ya juya a waya, amsar ita ce a'a, kuma a rubuta wannan a dokar ƙungiya don kada ma'aji ta ji nauyin faɗa.

To mu koma kan na farkon. Mene ne abin tsoro a cikinsa na gaskiya?

Sabis. Kuɗin waya sai da sabis, sai da caji. A watan Satumban 2021 an kashe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kashe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni a haka. Wanda duk abin da ya mallaka yana cikin asusu, sai ya yi tafiya zuwa wani gari kafin ya taɓa kuɗinsa. Ko ba a kashe ba, mu nan mun san sai an hau tudun bayan makaranta ake samun sanda biyu. Takardar naira ba ta neman sabis.

Sai 'yan cire-ciren nan da ba a jin zafinsu sai an tara. A 2025, turawa daga banki zuwa wani banki naira 10 ce in kuɗin bai wuce dubu 5 ba, naira 25 har zuwa dubu 50, naira 50 in ya haura haka. In da ƙaramar waya kika danna lambobin nan masu tauraro, akwai kusan naira 7 a kowane shiga. Akwai kuma naira 50 ta gwamnati a kan turawar da ta kai dubu 10. Ga na mai POS daban. Bari mu yi lissafi. A ce ku 25 ne, kowacce tana zubin dubu 2 a mako. In kowacce ta tura nata ta waya a kan wancan farashi, naira 17 ta tafi. Sau 25, naira 425 ke nan a mako. A mako 50 ya haura dubu 21. Wannan jarin ƙuli-ƙulin mace guda ne ya tafi a iska. Don haka ni ban ga dalilin da za a ce kowacce ta riƙa turo zubinta ta waya ba alhali ga mu muna haɗuwa a tabarma ɗaya.

Kuma ba asarar kuɗi kaɗai ba. Wannan tsari da muke bi na akwati mai kwaɗo uku a jihar Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ce ta fara da matan karkara, aka kira shi Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. Ƙarfinsa ba a ƙarfen akwatin yake ba. Ƙarfinsa shi ne komai a gaban idon kowa ake yi. An ƙirga a fili, an faɗa da ƙarfi, an buga hatimi a littafi, wadda ba ta iya karatu ba ta ji da kunnenta ta riƙe a ka. Ranar da zubi ya koma waya, wata za ta ce ai na tura, ba sai na zo ba. Mako uku ba ta zo ba, ba ta san wa ya ci rance ba, ba ta san wa ke jinya ba. Daga nan ƙungiya ta fara mutuwa.

Yanzu ga wadda ta fi damuna, kuma zan faɗe ta a fili tunda mu kaɗai ne. Da yawanmu wayar ba tamu ba ce, ta maigida ce ko ta yaro. Wadda ke da tata ma, in alat ya shigo sai ta miƙa wa wani ya karanta mata. Da, mace tana da 'yan kuɗinta a ƙasan adaka ko a cikin kwalla, ba wanda ya san adadinsu sai ita da Mahaliccinta, ranar da gida ya ƙone da rashi ita ke fito da su ta rufa wa kowa asiri. Yanzu alat na shigowa gida duka ya ji. Ban ce mazanmu ɓarayi ba ne, Allah ya saka musu da alheri, da yawansu su ke kawo mu taron nan a babur. Amma kun san kuɗin da aka san da su ba sa kwana. "Ara mini zuwa ranar kasuwa" ta cinye jarin mata da yawa. Addini kuma ya ba mace dukiyarta, tata ce, sai abin da ta bayar da daɗin rai.

To mafita ita ce layin ya zama naki, an yi masa rajista da lambarki ta NIN, asusun da sunanki da hotonki da yatsanki. Kada ki yarda a ce "a yi amfani da nawa kawai, ai duk ɗaya ne". Ba ɗaya ba ne. Ranar da aka samu saɓani, ko rai ya yi halinsa, banki sunan da ke rubuce ya sani, bai san wadda ta soya ƙosan ba. Ki kuma riƙa sa wa layin kati kina kira da shi lokaci-lokaci, don layin da aka bari watanni ba a amfani da shi kamfani na iya ba wani, alat ɗinki ya koma hannun baƙo.

Lambar sirri kuwa, lambobi huɗu ne kacal. Mace da ke riƙe da bashin mutum goma sha biyar a ka, ta san wa ya biya wa ya saura, ba za a ce ta kasa riƙe lamba huɗu ba. Kada ki zaɓi 1234, kada ki zaɓi ɗaya sau huɗu, kada ki rubuta a bayan katin. A wajen mai POS ke za ki danna da hannunki, ki kare da mayafi. Na sha ganin mace ta miƙa kati daga nesa tana faɗin lambar da ƙarfi, layi duka na ji, wai kunya take ji ta matsa kusa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda ba ta san lambobin boko ba, magatakarda za ta zauna da ita bayan taro, sifili zuwa tara ne, mako biyu ya isa. Na koya wa tsohuwa mai jika goma sha, yanzu ita ke duba nata.

Sai masu kira. Zai kira ki da murya mai daɗi, da Hausa tsantsa, har ya ambaci cikakken sunanki. Ya ce daga banki ne, an rufe asusunki, ko an zaɓe ki a tallafi, ki karanto masa lambar BVN, ko lambobin jikin kati, ko wasu lambobi da za su shigo miki yanzu. Waɗannan lambobin da ke shigowa su ne makullin ɗakinki, kina karanta masa ya shige. Banki ba ya kiran mutum ya tambayi lambar sirri, ko da wasa. Ki kashe wayar kawai, ba rashin kunya ba ne. In hankalinki bai kwanta ba ki je bankin da ƙafarki. In kuma waya ko kati ya ɓata, a ranar za a rufe asusun da layin, kada a ce sai gobe. Yawancin bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu ko da wayar wani ce, ki tambaya tun ranar da kika buɗe, magatakarda ta rubuta a bayan littafin ƙungiya.

Masu sana'a, ku kula da alat na ƙarya. Mutum ya sayi buhun gyaɗa ya nuna miki fuskar wayarsa, "ga shi ya tafi". Abin da wayarsa ta nuna ba hujja ba ce. Ko saƙo ya shigo taki, ki duba ragowar kuɗin asusunki ki ga ya ƙaru kafin kaya su bar ƙofar gida. In ya ce sauri yake, ya bar kayan ya dawo. In kuma ke kika tura aka cire bai je ba, ki ajiye 'yar takardar da POS ya fitar, ki kai ƙorafi bankinki a rubuta a ba ki lamba. In an yi mako biyu ba su warware ba, kina da ikon kai ƙara sashen kare masu ajiya na Babban Banki, mu kuma za mu taya ki rubutawa.

Wasu sun tambaye ni batun kuɗin ruwa. Akwai bankunan da ba sa harka da riba, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, wasu manyan bankunan ma suna da sashe irin wannan. Sai a tambaya kafin a buɗe.

Wasu kuma sun ce, in bankin ya mutu fa? Yana faruwa. A watan Yunin 2024 Babban Banki ya ƙwace lasisin bankin Heritage. Amma akwai hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda ke biyan mai ajiya har naira miliyan 5 a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki na maikurofainans. Wannan kariya ta wurin da ke da lasisi ce kaɗai. Mutumin da ya buɗe shago ya kafa allo yana karɓar ajiya, in ya gudu ba mai biyan ki. Mai POS ma ba banki ba ne, ko ɗan unguwa ne. Ta hannunsa kuɗi ke wucewa zuwa asusunki, ba a ba shi ajiya.

Kada kuma in yi rashin adalci in nuna kamar kuɗin hannu ba shi da nasa. Mun ga wadda gara ta cinye mata kuɗin da ta binne. Mun ga gobarar hunturu. Mun san yadda hanya ta lalace, mace ta dawo daga kasuwa da kuɗin saniya a ƙugu gabanta na faɗuwa har gida. A 2023 ɗin ma, wadda ta fi kowa kuka ita ce mai tsofaffin dubu-dubu a ƙulle ba ta da asusun da za ta zuba. Kuma ku duba lissafin da muka yi ɗazu: dubu 50 a mako, a mako 50 miliyan biyu da rabi ne. Yawancin shekara kuɗin suna hannun masu rance, akwatin ba nauyi. Amma wata biyu kafin rabo, lokacin da aka daina ba da rance kowa na maidowa, duk wannan dukiya tana kwana a ɗakin mace ɗaya, kuma gari duka ya san ranar rabonku. Kwaɗo uku na hana 'yar ƙungiya buɗewa ita kaɗai, ba ya hana ɓarawo ɗaukar akwatin ɗungurungum. Ku tambayi mai ajiye akwati ko tana barci a waɗannan makonni. Ga ta nan tana dariya, ta san abin da nake faɗa.

To ga shawarata, ku kuma ku ke da hukunci, don kuɗinku ne.

Zubi ya ci gaba da zama na hannu, a tabarma, a ƙirga a fili kamar yadda aka saba. Rance ma a bayar a hannu a gaban kowa. Asusun taimakon juna kada ya bar akwati ko da wasa, kuma a riƙa ajiye shi da ƙananan kuɗi, saboda daren da na ba ku labari. Abin da za a kai banki shi ne rarar da ta taru ba mai ranta, musamman gab da rabo. Ku yanke adadi da bakinku, misali duk abin da ya haura dubu 100 a akwati a kai.

Asusun kuma ya zama da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ko mijin ma'aji ko malamin makaranta ba, komai amanarsa. Ƙaramin asusun da ake buɗe wa mutum ɗaya a waya ma ba ya ɗaukar fiye da dubu 300, ba zai riƙe kuɗinku ba. Banki zai nemi takardar rajistar ƙungiya da dokokinku a rubuce da BVN na masu sa hannu, wannan aikinmu ne mu raka ku. Masu sa hannu su zama uku, kuma a rubuta wa banki cewa ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa hannu tare. Kun ga kwaɗo ukun nan ne muka mayar banki. Kada a karɓi katin cirar kuɗi a kan wannan asusu, don kati mutum ɗaya ke riƙe shi. Wayar da alat ke shiga ta kwana a cikin akwati, a kunna ta ranar taro, a karanta abin da ke ciki da ƙarfi, a gwada da littafi. Duk wadda ta kai kuɗi banki su tafi su biyu, su dawo da takarda a manna a littafi. Ranar rabo kuma kada a bari sai ranar a je cirowa. A sanar da banki da wuri, a ciro kashi-kashi, a kuma daina shelar ranar a gari. Wadda ke da asusunta ta ce a tura mata rabonta, a tura a gaban kowa, ta duba ta ce ya shigo, sannan ta dangwala.

Abu ɗaya ya rage, ba daɗin faɗa amma dole. Kuɗin ƙasan adaka in mai shi ta rasu, masu wanka da masu share ɗaki za su gani, a raba wa magada. Kuɗin asusu ba a ganinsa. Akwai kuɗin marayu da yawa da ke kwance a bankuna don ba wanda ya san da su. Ba lambar sirri za ki ba kowa ba, amma mutum ɗaya da kika amince da shi ya san cewa kina da asusu a banki kaza. Ranar buɗewa za a tambaye ki sunan makusancinki, ki faɗi wanda kike so da bakinki, kada ki bar mai cike takarda ya rubuta wanda ya ga dama. In kun yarda, a ware shafi ɗaya a littafin ƙungiya a rubuta sunan kowacce da bankinta kawai, ba adadi ba lamba.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, duk mai waya ta zo da ita da caji, mai takardar NIN ta zo da ita. Wadda ba ta da NIN ta ba magatakarda sunanta yau, mu san mutum nawa ne, mu nemi rana ɗaya a tafi tare a mota ɗaya. Za mu fara da koyon lambobi da yadda ake duba ragowar kuɗi a ƙaramar waya. Batun kai rara banki kuma kowace ƙungiya ta je ta tattauna, a kaɗa ƙuri'a da tsakuwa kamar yadda kuka saba, ku kawo mini abin da kuka yanke.

Iya, ban sani ba ko na amsa miki. In da saura, ga ni, ba na tashi sai an kira la'asar. Wa ke da tambaya? Ke ta baya mai jan mayafi, tun ɗazu na ga hannunki, bismillah.